Kunnen da Aka Kai Bayan Wata

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da daddare yana laluben Landan a gajeren zango, ya ci moriyar wani rufi da bai taɓa gani ba. Can ƙololuwar sama akwai iskar da hasken rana ya cika da lantarki, ita ke maido da muryar mai karanta labarai ƙasa. Amma rufin da ya hana muryarmu fita shi ne ya hana ta taurari shigowa, domin igiyar da ta gaza megahaz 10 da ƙyar take ratsa shi.

Karl Jansky, injiniyan kamfanin Bell a Amurka, ba taurari ya fita nema ba. An sa shi ne ya binciko abin da ke jawo ƙara a tarhon ƙetare, sai a 1932 ya gane cewa wani shuu da yake ji daga sararin samaniya yake fitowa. Wanda ya fi burge ni shi ne Grote Reber. A 1954 ya tattara ya koma tsibirin Tasmaniya, inda rufin kan yi sirara a dararen hunturu, daga baya ya kafa turaku a makiyayar tumaki, ya shimfiɗa wayoyi, yana dakon ƙofa ta buɗe.

A 1968 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam RAE-1 mai eriya huɗu, kowace mita 229. Ya haye rufin, sai ya tarar da wata matsalar: duniya da kanta uwar surutu ce, ga tashoshi, ga tsawa. Saboda haka a 1973 aka tura RAE-2 ya kewaya wata. Da zarar ya shiga bayansa, sai hayaniyarmu ta ɗauke ɗif.

Daga nan aka yi shekara da shekaru ba wani yunƙurin kirki, abin da nake ganin sakaci ne, domin a wannan zangon ne ake sa ran jin iskar haidirojin ta zamanin da ba a haifi tauraro ko ɗaya ba. Sai a Janairun 2019 kumbon Sin, Chang'e 4, ya sauka a bayan wata da na'urar saurarensa. Yanzu ƙasashe na rige-rigen zuwa can, kowane kumbo kuwa da tasa rediyon yake tafiya.