Argungu: Kafin Kifi, An Yi Yaƙi

Yau Kabi za mu leƙa.

Duk wanda aka ce masa Argungu, kifi yake tunawa: dubban masunta riƙe da gora da homa, suna rugawa cikin Matan Fada. To ni da na je, ba lokacin biki ba ne, kuma hakan ya fi mini. Daga Birnin Kebbi tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, gefen hanya fadamar shinkafa ce shimfiɗe.

Birnin Kebbi ita ce hedikwatar jiha tun 1991, amma sarkin da ke zaune a cikinta Sarkin Gwandu ne. Sarkin Kabi yana Argungu. Me ya kawo haka?

Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi wajen 1516, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ya zauna a Surame. Daga baya aka mayar da fada Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Kabawa ba su miƙa wuya ba, suka koma Argungu. An kashe Sarki Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849. In ka cire 'yar lafawar da ake kira Lafiyar Toga, haka aka yi ta gwabzawa har Turawa suka zo. Ƙaramar ƙasa fa, Sakkwato a gefe guda, Gwandu a ɗaya gefen, amma ta ƙi cinyuwa.

Wannan labarin yana nan a Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai masu, takubba, tambura da layu, kuma a nan ake binne sarakuna. Na tarar da wurin shiru, baƙi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Gaskiya abin ya dame ni.

Shi kansa bikin daga nan ya samo asali. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa gagarumin su domin nuna cewa gaba ta ƙare. Wato bikin sulhu ne kafin ya zama gasa. UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya a 2016, a daidai lokacin da aka yi shekaru ba a gudanar da shi ba, sai a 2020 ya dawo.

In za ku je, ku fara da gidan Kanta kafin bakin ruwa. Surame kuwa yanzu tana cikin Jihar Sakkwato, ganuwarta ta dutse na nan, ita za mu ɗauko a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.