Rumbu, Garke da Tukunyar Wuri

Masana tarihi sun ruwaito cewa Yunanawan dauri, saboda tsoron ɓarayi da fitinar yaƙi, sukan kai azurfarsu ajiya a ɗakunan bauta irin na Atamis da ke Afisa, ko kuwa su damƙa ta ga masu canjin birnin Atina. Su kuwa Arawan Tibiri da Dogon Dutsi, da yake Allah ya zaunar da su a kwarin Dallol Mawri, tsakanin Kabi da Zabarma, inda mahara ba sa sallama kafin su shigo, sai hikimarsu ta zama rarraba dukiya, don kada musiba guda ta cinye ta baki ɗaya.

Babbar taskarsu ita ce rumbu, wanda ake ɗorawa bisa duwatsu saboda gara da laima, a jera dammunan gero da zangarniyarsu ba tare da an sussuke ba, domin ta haka hatsi ke shekaru bai lalace ba. Rumbun tsimi kuwa, babu mai buɗe shi sai da izinin maigida. Shanu sai a ba Bafulatani kiwo, bisa amanar da shaidarta harshe ne kawai, kuma lokacin da fiƙihun Malikiyya ya yaɗu a ƙasar, hukuncin wadi'a, cewa mai riƙon ajiya ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ta'addi, bai zo wa jama'a da baƙon abu ba.

Wuri, kuɗin wancan zamani, shi ne mai wahalar sha'ani. A shekarar 1851 Bature matafiyi Barth ya tarar ana canjin liyari guda da wuri 2,500 a Kano, keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne, nauyin da mai gudun hijira ba zai yi nisa da shi ba. Saboda haka akan zuba shi a tukunya a binne cikin ɗaki, asirin da, in ajali ya riga wasiyya, magada sai haƙuri.

A ganina, rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan, wadda ta ƙone Lugu, garin Sarauniya, a 1899, ba ta yi wa wannan taska illar da haraji ya yi mata ba, domin da Nasara suka wajabta biyan shi da kuɗinsu na tamma, sai wurin da kakanni suka tara da gumi ya faɗi warwas, ya koma adon ƴan bori da kayan duban bokaye.