Laka

laka (suna, mace): ƙasa mai laushi da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, rafi ya ɗauke ta har inda gudunsa ya lafa, ta kwanta. A ƙasar Funtua, inda Kogin Sakkwato ya faro, ruwan farkon damina ya fi kwasar ta, tun gonakin masara da auduga ba su rufe ba. Yashi kan zube a mashigar dam, ita kuwa sai ta kai can ciki, tana cinye mazaunin ruwa a madatsu irin na Mairuwa da Gwaigwaye. Injiniyoyi kan auna gudun ruwa da nauyin lakar da ke cikin kowace lita, su ƙiyasta lokacin da dam zai cike. Misali: *Laka ta toshe bututun, masu noman rani sun rasa ruwa.*