Tarihin Fasahar Rage Lokacin Zagaye a Wasannin Tseren Mota na Burauza

Wasannin tseren mota na burauza, wato waɗanda ake bugawa kai tsaye a cikin manhajar buɗe shafukan intanet ba tare da an girka komai a kwamfuta ba, sun gaji wata al'ada da ta girme su da shekaru masu yawa, ita ce ta auna gwanintar direba da lokacin da ya ɗauka kafin ya kewaye fagen tsere sau ɗaya, abin da ake kira lokacin zagaye. Wannan al'ada ta samo asali ne daga filayen tsere na zahiri a Turai, inda direbobi suka daɗe da gane cewa gudu a miƙaƙƙiyar hanya aikin inji ne, amma a kwana ake bambance gwani da ɗan koyo.

Daga cikin waɗanda suka fara tsara wannan ilimi a rubuce akwai Piero Taruffi, injiniya kuma direba ɗan Italiya, wanda ya lashe gasar Mille Miglia ta ƙarshe a 1957, kuma littafinsa kan dabarun tuƙin tsere ya fito da Turanci a 1959. Jigon bayaninsa shi ne layin tsere, ma'ana hanyar da mota za ta bi cikin kwana domin ta rage kaifin lanƙwasar: direba ya shiga daga gefen waje, ya matso har tayarsa ta kusa shafar gefen ciki a wuri guda da ake kira ƙololuwar kwana, sannan ya bar motar ta sake buɗewa zuwa waje. Dalilin haka a lissafi yake, domin idan faɗin da'irar da mota ke bi ya ninka sau huɗu, gudun da za ta iya ɗauka ba tare da tayoyi sun zame ba yakan ninka sau biyu.

Wasannin bidiyo sun karɓi wannan darasi sannu a hankali. A 1974 kamfanin Atari ya fitar da Gran Trak 10, injin wasa da ake jefa wa tsabar kuɗi, mai sitiyari da giya da birki da totur, inda ɗan wasa ke tsere da agogo shi kaɗai. A 1982 kuma kamfanin Namco ya fito da Pole Position, wanda ya kwaikwayi filin Fuji na Japan, ya kuma wajabta zagayen neman cancanta kafin a shiga tseren, ta yadda lokacin ɗan wasa ne ke yanke masa gurbin da zai tashi. Babban sauyi ya zo ne da motar fatalwa, wato hoton mota da ke maimaita tuƙin da aka riga aka yi, wadda ta bayyana a Hard Drivin' a 1989, sannan Super Mario Kart na Nintendo ya kai ta gidaje a 1992. Da zuwanta ɗan wasa ya samu malamin da ba ya gajiya, domin yana ganin daidai inda fatalwar ta taka birki da inda ta tsere masa.

Da manhajar Flash, wadda ke kunna wasanni a cikin burauza, ta fito a 1996, kuma dandaloli irin su Miniclip a 2001 da Kongregate a 2006 suka tara dubban wasanni kyauta, sai tseren ya koma hannun masu allon madannai, wanda ya zo da tasa matsalar. Sitiyari yana juyawa kaɗan ko da yawa gwargwadon buƙata, amma madannin kibiya ko dai an danna shi ko an sake shi, babu tsaka-tsaki. Saboda haka 'yan wasa suka ƙirƙiro dabarar taɓa madannin a jere da sauri maimakon danne shi, sai motar ta riƙa karkata kaɗan-kaɗan ba tare da bayanta ya wulla ba. Haka kuma suka koyi zaɓen alama a bakin hanya, kamar allo ko inuwar bishiya, domin su riƙa taka birki a wuri ɗaya kowane zagaye, suna matsar da wurin gaba kaɗan har su gano iyakar riƙon taya. Ƙa'idar da ta fi komai wahalar karɓuwa ga sabon shiga ita ce a shiga kwana a hankali a fita da gudu, domin ƙarin gudun da aka fita da shi yana bin motar har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaba, alhali wanda ya afka da gaggawa yakan ɓata lokaci yana gyara kan motarsa. Gaggawa dai aikin shaiɗan ce, a nan ma haka take.

Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba, 2020, amma kafin nan fasahar WebGL, wadda ta fito a 2011 kuma take ba burauza damar zana hotuna masu zurfi ta amfani da katin zane na kwamfuta, ta riga ta share fage. Wasanni irin su PolyTrack, wanda ya bi sahun TrackMania na kamfanin Nadeo na Faransa, sun haɗa fatalwa da jadawalin gwanaye na duniya da kuma lokutan zango-zango, waɗanda ke nuna wa ɗan wasa a wane sashe na fagen ya yi asara. A irin wannan fage, inda allo ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa guda, jinkirin hoto ɗaya na iya sauke mutum daga matsayinsa.

Kayan aiki sun sauya daga injin tsabar kuɗi zuwa Flash zuwa WebGL, amma darasin da Taruffi ya rubuta bai tsufa ba. Wanda ya san layinsa, ya tsayar da wurin birkinsa, ya kuma yi haƙurin maimaita zagaye ɗaya har ya ƙware, shi ne har yau yake rage lokacinsa.