Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da 'Ya'yan Yauri Biyu da Suka Riƙe Ta

A cikin mutanen da suka shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tun kafuwarta, biyu daga ƙasar Yauri suka fito. Na farko shi ne Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, masanin tarihi. Na biyu shi ne Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda bayan ya sauka daga kujerar jami'a ya hau karagar Sarkin Yauri a 1999. Ga masarautar da ke can ƙarshen kudancin tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda mutane da yawa ba su san ta da komai ba sai kifi da albasa da jiragen ruwa, wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Zamaninsu kuwa ya faɗo a shekarun da aka fi ja-in-ja a kan tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: wa ke da iko da jami'a, malaman da ke cikinta ko gwamnatin da ke biyan su?

An kafa jami'ar a watan Satumba na 1975, watanni kaɗan bayan Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki, ko da yake shirin ya samo asali ne tun zamanin Gowon, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa fiye da yadda aka yi tsammani. A wannan shekarar aka buɗe sababbin jami'o'i a Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kalaba, aka kuma ɗaga kwalejojin Kano da Ilori da Fatakwal zuwa matakin da ya kai su zama jami'o'i masu cin gashin kansu a 1977. Kano tana da Kwalejin Abdullahi Bayero tun shekarun 1960, Jos tana da reshen Jami'ar Ibadan. Sakkwato ba ta da irin wannan tushe, daga fili aka fara. Shugabanta na farko, Shehu Ahmad Sa'id Galadanci, Bakano ne masanin Larabci, wanda ya riga ya goge da shugabanci a kwalejin Kano, daga baya kuma ya zama jakadan Nijeriya a Saudiyya. Shekara biyu aka yi ana neman malamai da gine-gine kafin a shiga aji. Ranar 20 ga Oktoba 1977 aka fara karatu a mazaunin wucin gadi da ke kan titin Sarkin Musulmi Abubakar, da ɗalibai 93 da malamai 33. Wato kowane malami ɗaya bai kai ga ɗalibai uku ba. A watan Nuwamba na 1980 aka yi bikin yaye na farko, mutum 72.

A wancan lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1991 aka yanke Kebbi. Yaron da ya gama sakandare a Yelwa, in ya samu gurbi, sai ya hau mota ya bi ta Koko da Jega da Tambuwal da Bodinga ya sauka a birnin Shehu. Kafin nan Zariya ce kaɗai ƙofar da ɗan wannan yanki ya sani. Kuma ƙasar da ya baro ba ta daɗe da fita daga babban sauyi ba: madatsar Kainji, da aka gama a 1968, ta shanye tsibirai da gonakin bakin Kwara, aka kwashe dubban Gungawa da Kambari da maƙwabtansu zuwa sababbin ƙauyuka. Gidajen da ruwa ya raba da gonar gado sun fi kowa sanin amfanin a samu ɗa mai albashi.

Mahdi Adamu ta Zariya ya bi. A can ya rubuta kundin digirinsa na biyu a 1968 a kan mulkin Yauri a ƙarni na goma sha tara, ya yi digirin digirgir a Birmingham ta Ingila, sannan a 1978 aka buga littafinsa The Hausa Factor in West African History, wanda ya bi sawun fatake da malamai da sojojin Hausawa har Gwanja da bakin teku. Ba mamaki mutumin Ngaski ya ga abin da wasu ba su gani ba, domin hanyar fataken goro ta ƙasarsu take ƙetare Kwara. Ya karɓi jami'ar Sakkwato a 1982 ya riƙe ta har 1989, shekara bakwai, kamar yadda dokar lokacin ta yarda: huɗu na farko, uku na ƙari.

Bai yi sa'ar lokaci ba. A shekarar da ya hau ne gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar farashin mai. Sojoji suka dawo a ƙarshen 1983, aka janye tallafin abincin ɗalibai, sannan a 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta karye, albashin malami ya zama abin tausayi. Malaman ƙasashen waje da sababbin jami'o'i suka dogara da su, Indiyawa da Pakistanawa da mutanen Gana da Sudan da Masar, suka fara tattara kayansu. A cikin wannan hali jami'ar ta yi ƙaura zuwa mazauninta na dindindin a wajen gari, hayin gulbin Rima, kusa da Dundaye, aka kafa Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci da Cibiyar Binciken Makamashi, wadda ta yi suna wajen gwajin amfani da hasken rana. A 1988 kuma aka sauya mata suna daga Jami'ar Sakkwato zuwa sunan Shehu Usmanu.

Wanda bai taɓa aiki a jami'a ba yakan ɗauka shugaban jami'a sarki ne, abin da ya ce shi ke nan. A takarda ba haka ba ne. Doka ta raba iko gida-gida. Akwai Majalisar Gudanarwa, mai kula da kuɗi da kadarori da ɗaukar ma'aikata da korarsu, wadda shugabanta da wasu wakilanta gwamnati ke naɗo su daga waje. Akwai Majalisar Malamai, inda farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa ke zama, kuma ita ce mai magana ta ƙarshe a kan duk abin da ya shafi karatu: wane kwas za a koyar, wa ya ci jarrabawa, wa za a kora saboda satar amsa, yaushe za a buɗe zango, yaushe za a rufe. Akwai taron dukan ma'aikata masu digiri, wanda ke zaɓen wakilansa zuwa majalisun nan. Can sama kuma akwai shugaban ƙasa, wanda doka ta ba shi ikon aiko da kwamitin bincike lokaci-lokaci.

In kana son ganin yadda abin ke aiki, bi takardar jarrabawar ɗaliba ɗaya, a ce 'yar Shanga ce a ajin ƙarshe na Sashen Tarihi. Malaminta zai duba, ya ba da maki, ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe. Malaman sashen su zauna a ɗaki guda, a karanto sakamako layi-layi, in an ga aji guda ya faɗi warwas ko kowa ya ci da kyau fiye da kima a tambayi mai kwas ɗin dalili. Wani farfesa daga wata jami'a, mai jarrabawa na waje, zai zo ya zaro takardu ya ga ko an yi adalci, ya kuma duba kundin bincikenta. Daga nan sakamako ya hau zuwa hukumar tsangaya, daga can zuwa Majalisar Malamai. Sai majalisar ta amince kafin yarinyar ta zama mai digiri. Shugaban jami'a ne ke jagorantar zaman, amma ba shi da ikon ƙara mata maki ɗaya. Hanyar tana da tsawo, tana cin lokaci, ɗalibai kan yi ta gunaguni in sakamako ya makale wata da watanni. Duk da haka ita ce ke sa takardar da aka samu a Sakkwato ta yi daraja a Legas ko a Alƙahira, kuma a ganina wannan ɗakin taron sashe, mai fanka ɗaya da kujerun roba, ya fi ofishin shugaba muhimmanci ga mutuncin jami'a.

Inda takarda ta gaza shi ne wajen kuɗi da naɗi. A zamanin Mahdi Adamu da Farfesa Abubakar Aliyu Gwandu da ya gaje shi, har zuwa Zayyanu Abdullahi da ya riƙe jami'ar a tsakiyar shekarun 1990, shugaban ƙasa ne ke zaɓen shugaban jami'a daga sunayen da aka aika masa, shugaban ƙasar kuwa galibi soja ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa shugabannin jami'o'i na wannan zamani suka rayu a tsakanin malamansu da barikin da ya naɗa su. Ƙungiyar malamai ta ASUU, da aka kafa a 1978, an haramta ta a 1988, aka sake haramta ta a 1992, aka kuma maimaita a 1996 zamanin Abacha. A Zariya ma abin ya wuce nan: a 1995 aka ɗora Manjo Janar Mamman Kontagora a matsayin kantoma, ya haɗa ikon da doka ta rarraba a hannunsa shi kaɗai. Sakkwato ba ta kai ga haka ba. Ta ƙetare mulkin soja da shugabanni daga cikin malamai, kuma tun daga nan take tinƙaho da cewa ita ce jami'ar da ta fi kowace zaman lafiya a ƙasar.

Wannan kirari yana da gaskiya a cikinsa, amma bai kamata shugabanni su kwashe ladan su kaɗai ba. Nisan mazaunin daga gari ya taimaka. Al'adar Sakkwato ta girmama malami ta taimaka. Haka nan ƙungiyoyin asiri da suka addabi jami'o'in kudu ba su samu wurin zama ba a inda masallaci ke tara ɗalibai sau biyar a rana, kowa ya san fuskar kowa. Sai dai shiru ba kullum yake nufin gamsuwa ba, wani lokaci ɗalibin da iyayensa suka sayar da buhunan shinkafa suka biya masa rajista ba ya da ƙarfin halin yin zanga-zanga ne kawai.

Rayuwar harabar kanta ta fi kusa da ta karkara. Filin yana da faɗi ƙwarai, akwai ƙauyuka a cikinsa da gefensa, har ɗalibi kan fito daga Laburaren Abdullahi Fodiyo ya tarar da garken awaki a inuwar dogonyaro, ko manomi a kan jaki ya nufi fadama. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɗakunan kwana su zama ba su shiguwa, sai dare ya raba ake samun sararin karatu a azuzuwa. Wurin kwana bai taɓa isa ba, don haka dubban ɗalibai a gari suke haya, kullum suna bin layin bas. Ɗaliban likitanci kuwa suna can asibitin koyarwa a cikin birni. Hanya ɗaya ce babba ke haɗa gari da jami'a, ta kan gadar Kwalkwalawa, kuma a watan Satumba na 2010, zamanin Farfesa Riskuwa Arabu Shehu, ambaliya ta yanke ta. Karatu ya tsaya, malamai da ɗalibai suka koma shiga kwalekwale kafin sojoji su kafa gadar wucin gadi. Ga wanda ya tashi a bakin Kwara wannan ba labari ba ne, amma farfesan da bai taɓa taka jirgi ba ya ji jiki.

Gwagwarmayar malamai ba ta tashi a banza ba. Yarjejeniyar 1992 tsakanin ASUU da gwamnati ce ta haifi harajin ilimi da ake karɓa daga kamfanoni, wanda ya zama asusun TETFund, kuma yawancin sababbin gine-ginen da mai ziyara zai gani a harabar yau da tambarinsa a jikinsu. An mayar da wa'adin shugaban jami'a shekara biyar sau ɗaya tak, abin da ya rage masa dalilin lallaɓar mai naɗi don neman ƙari. Gyaran dokar da aka yi a 2003 ya ba Majalisar Gudanarwa ikon zaɓen shugaba da kanta, bayan kwamitin haɗin gwiwa da Majalisar Malamai ya tantance 'yan takara, ya kuma ba wakilan cikin gida rinjaye a majalisar. A shekarun da suka biyo baya aka yi su Farfesa Tijjani Muhammad Bande na Zagga, wanda ya riƙe jami'ar daga 2004 zuwa 2009 kuma ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, da Farfesa Abdullahi Abdu Zuru daga 2014 zuwa 2019. Jihar Kebbi ta daɗe tana ba wannan jami'a shugabanni, ko da ta samu nata jami'o'in a Aliero a 2006 da Birnin Kebbi a 2013.

Aljihun dai yana Abuja. Da aka tura albashin malamai cikin tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, IPPIS, sai ya zama a lokacin shugaban sashe ba ya iya ɗaukar ƙaramin malami ko gayyato farfesa na ziyara ba tare da izinin wani ofishi mai nisa ba. A kan wannan da alkawuran da gwamnati ta yi wa ASUU a 2009 da ba a cika ba aka yi yajin aikin 2020, sannan na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗaliban Yauri da Ngaski suka koma gida suka yi damina guda cur a gona. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in tarayya baki ɗaya, aka shafe kusan shekara kafin a naɗa sababbi, a daidai lokacin da wa'adin Farfesa Lawal Suleiman Bilbis ke gab da ƙarewa. Sai da aka rantsar da sabuwar majalisa a 2024 sannan aka iya zaɓen Farfesa Bashir Garba ya gaje shi.