Makulli da Kwaɗo: Yadda Aka Koyi Ƙulla Kacici-kacici a Kwamfuta

Tsakanin 1975 da 1976, wani injiniya mai suna Will Crowther yana aiki a kamfanin BBN da ke jihar Massachusetts a Amurka, cikin ayarin da suka haɗa ARPANET, hanyar sadarwar da intanet ta samo tushe daga gare ta. Bayan aikin ofis, mutum ne mai son shiga kogo. Shi da matarsa sun sha kutsawa cikin kogon Mammoth na Kentucky, suna auna lunguna suna zana taswira. Da aurensu ya mutu, sai ya zauna ya rubuta wani wasa a babbar kwamfutar PDP-10, don ya samu abin da zai riƙa haɗa shi da 'ya'yansa mata biyu. Wasan ba shi da hoto ko ɗaya. Kwamfuta ta kwatanta maka inda kake a rubuce, kai kuma ka ba ta umarni da kalma ɗaya ko biyu: ɗauki fitila, buɗe ƙofa, nufi yamma. A 1977 Don Woods na Jami'ar Stanford ya nemi izinin Crowther ya faɗaɗa shi, ya kai makinsa 350. Shi ne aka sani da Colossal Cave Adventure.

Akwai wani ɗan yanki a farkon kogon da ya kamata a tsaya a kansa, domin duk abin da aka yi shekaru hamsin ana gardama a kai yana cikinsa. Ka tsinci makullai a wani ɗan gini, ka buɗe murfin ƙarfen da ya toshe bakin kogo, ka sauka. A hanya ka ga keji, ka ɗauka. Gaba kaɗan ka ga wata baƙar sanda, ita ma ka ɗauka. Sai ga ɗan tsuntsu yana ta waƙa. Ka miƙa hannu, ya firgita ya ƙi kamuwa. Me ya tsorata shi? Sandar nan ce. Sai ka ajiye ta, sannan ya yarda ya shiga keji. Can ƙasa wani ƙaton maciji ya tare hanya, ba ya jin duka ba ya jin lallashi, amma kana sakin tsuntsun sai ya kore shi. Ita kuwa sandar da ta hana ka kamun tsuntsu, dole ka koma ka ɗauko ta, don da ita ake kaɗawa a bakin wani rami gada ta bayyana. Amsar kowace matsala ita ce ke buɗe hanyar ta gaba, kuma abu ɗaya ya zama cikas a nan, mafita a can.

Daga nan sana'ar ta bunƙasa da sauri. Wasu matasa a MIT suka rubuta Zork a 1977, suka kafa kamfanin Infocom a 1979. A Kalifoniya, Roberta Williams da mijinta Ken suka fitar da Mystery House a 1980, wanda ya zo da zane-zane, kamfaninsu ya zama Sierra. Cikin waɗannan shekaru ana ɗaukar wahalar wasa a matsayin abin alfahari. A wasan da Infocom ta yi da marubuci Douglas Adams a 1984, samun wani ɗan kifi daga cikin wata na'ura ya gagari mutane har kamfanin ya buga riguna ga waɗanda suka yi nasara. Ga waɗanda kansu ya kulle kuma, an sayar musu da littattafan amsa da aka buga da tawada marar ganuwa, sai ka goga wani alƙalami na musamman amsar ta fito layi-layi.

Wahala ita kaɗai ba ta da laifi. Wanda ya taso yana jin ana cewa ƙulunƙulufita ya san daɗin kacici-kacici yana cikin jinkirin da ake yi kafin a gano. Abin da ya ɓata wasannin zamanin shi ne tarkon da ba ya sanar da kai ka faɗa. King's Quest V na Sierra, wanda ya fito a 1990, shi ne misalin da aka fi kawowa. A kusa da wani gidan burodi kyanwa za ta biyo ɓera a guje, sau ɗaya tak. In ba ka jefe ta ba a wannan ɗan lokacin, wasa zai ci gaba kamar ba abin da ya faru. Sai daga baya, bayan an ɗaure ka a ɗakin ƙasa na wani masauki, ka rasa mai ceto, domin ɓeran nan ne ya kamata ya zo ya gwagwiye igiyar. Haka kuma kek ɗin da ka saya: yunwa za ta kama ka a kan dutse, wasan zai bar ka ka cinye shi, alhali da shi ake jifan dodon ƙanƙara a gaba. Mutum ya yi awanni yana zargin ƙwaƙwalwarsa, bai san an daɗe da rufe masa hanya ba. A ganina wannan cin amanar ɗan wasa ne, ko da masu ƙirar ba su yi da mugun nufi ba.

Wanda ya fito fili ya faɗi haka shi ne Ron Gilbert na sashen wasanni na Lucasfilm. Shi ma ba tsira ya yi ba, domin Maniac Mansion da ya yi da Gary Winnick a 1987 yana da irin waɗannan makafin lunguna, kuma ya amsa laifinsa. A 1989 ya rubuta maƙala mai zafi kan abin da ke lalata wannan nau'in wasa. Ya ce kada a sa mutum sai ya mutu kafin ya koyi hanya. Kada a bar shi ya wuce wani wuri ba tare da abin da zai buƙata ba, in har ba zai iya komawa ba. Abin da na fi gani da muhimmanci shi ne cewa a nuna masa matsala kafin a ba shi maganinta. Wanda ya ga kwaɗo a ƙofa, duk inda ya bi idonsa na neman makulli, ranar da ya gan shi kuwa zai ji daɗin ganowa. Wanda ya tsinci makulli tun bai ga ƙofa ba, tarkace kawai ya ƙara wa aljihunsa.

Gilbert ya gwada wannan a The Secret of Monkey Island na 1990, tare da Tim Schafer da Dave Grossman. An ba jarumin wasan jarrabawa uku: takobi, sata, da haƙo dukiya, kuma ya fara da duk wadda ya ga dama. In ta ƙi a nan, ya juya can, kafin ya dawo wataƙila dabara ta faɗo masa. Mutuwa kuwa sai in ya bar jarumin a ƙarƙashin ruwa har minti goma. Abin da ya riƙe wannan gini wani zane ne da Gilbert ya yi cikakken bayaninsa a 2014. Kowane mataki akwati ne a takarda, layi ya haɗa shi da abin da dole a gama kafinsa. Daga ƙarshe ake farawa a yo baya: ana so a buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, to me ake buƙata? Makulli, da man da zai saki ƙyauren da ya yi tsatsa. Ina makullin? A hannun wa? Me zai sa ya bayar? Zanen da ya yi kyau yakan tsuke, ya baje zuwa rassa, ya sake tsukewa a wuri ɗaya. In ka ga ya miƙe zarar kamar igiya, ɗan wasa zai cije a wuri guda ba shi da inda zai juya. Tun ran gini tun ran zane, a takarda ake gane tarkon kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja.

Zanen yana kama makafin lunguna, amma ba ya kama rashin hankali. A Monkey Island 2 na 1991, hanyar kashe wani famfo ita ce ka ɗauko biri ka murɗa da shi kamar sifana, saboda kawai a Turancin Amurka akwai wata sifana da ake kira da sunan biri. Waɗanda suka buga wasan a wasu harsuna suka yi ta lalube cikin duhu. Duk mai shirin ƙulla irin wannan wasa ga yaran da ke tunani da Hausa ya kamata ya riƙe wannan labari, domin wasan kalma ba ya tsallake iyakar harshensa. Gabriel Knight 3 na 1999 ya fi wannan muni: ka tara gashin kyanwa ka manna a matsayin gashin baki don ka yi kama da wani mutum, mutumin da ba shi da gashin baki, sai ka zana masa a hoton fasfo. A lokacin kasuwar waɗannan wasanni ta riga ta ja baya, duk da cewa Myst na 'yan'uwan nan Rand da Robyn Miller, tun daga 1993, ya sayar da sama da kwafi miliyan 6 da tsarin tsibiri ɗaya mai ƙofofi zuwa duniyoyin da ake shiga ba tare da an tilasta jeri ba.

Dabarar ta sake tsirowa daga Japan. A 2004 Toshimitsu Takagi ya saka Crimson Room a intanet: ɗaki ɗaya ja, ƙofa a kulle, ka bincika aljihun tebur da ƙarƙashin matashi har ka fita. A 2007 Takao Kato na kamfanin SCRAP ya mayar da abin zahiri a Kyoto, mutane na gaske a ɗaki na gaske, agogo na tafiya. Cikin 'yan shekaru irin waɗannan ɗakuna suka bazu daga Budapest zuwa biranen Amurka. A nan darasin rassa ya zama dole, don in mutum shida suka shiga ɗaki kuma kwaɗo ɗaya ne ake iya taɓawa a lokaci guda, biyar za su tsaya riƙe da ƙugu.

Da annobar korona ta rufe ƙofofi a Maris 2020, wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a jihar Pennsylvania ta gina irin wannan wasa da Google Forms kawai, a kan labarin Harry Potter, ya zagaya duniya. Malamai suka kwaikwaya: shafi ba ya buɗewa sai an ba da amsar da ta dace, amsar lissafi ta zama lambar kwaɗo, lambar ta kai ka ga taswirar da ke ɓoye kalma ta gaba. Tsoffin matsalolin suka biyo su har aji. Yaro ya gano amsa daidai, amma ya fara da babban baƙi ko ya bar sarari a ƙarshe, fom ɗin ya ce bai yi ba, ya koma yana shakkar abin da ya sani. Malamai da dama suka koyi rubuta gargaɗi a ƙarƙashin kowace tambaya, suka koyi ba wani ya gwada wasan tukuna suna kallo ba tare da sun sa baki ba.

A 2022 Gilbert da Grossman suka dawo da Return to Monkey Island. Wannan karon sun saka littafin taimako a cikin kayan jarumin tun kusa da farkon wasa. Littafin yana lura da inda ka tsaya, ya ba ka ɗan haske kan wannan matsalar kaɗai, ya ƙara wani in ka sake tambaya, sai a layin ƙarshe yake faɗin amsar.