Daga Rubutun Allo Zuwa Littafin Aljihu

A da, a ƙasar Hausa, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, barci ya ƙaurace wa majinyaci, zuciyarsa ta cika da saƙe-saƙe, sai a tura yaro zauren malam. Malam ya jawo allo da alƙalamin kara, ya tsoma a tawadar gawayi da ƙaro, ya rubuta Fatiha da ayoyin waraka, ko Alam Nashraha idan ƙuncin rai ne ya fi yawa. A wanke a ƙwarya, maras lafiya ya sha, ya shafe jikinsa da ragowar. Ɗan abin da aka fara miƙa wa malam shi ake ce wa kafin alƙalami.

Ba Bahaushe ne ya ƙirƙiro wannan ba. Ibnul Ƙayyim na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1350, ya kawo a Zadul Ma'adi cewa wasu magabata sun yarda a rubuta ayoyi a wanke a sha, har Imam Ahmad ɗan Hambali yakan rubuta wa macen da naƙuda ta yi wa tsanani. Ibrahim Annakha'i na Kufa kuwa bai so abin ba. Ashe gardamar da ake yi yau a kan shan rubutu ta girme wa duk ƙungiyoyin da ke yin ta da ɗaruruwan shekaru. A Sudan ma suna sha, suna kiran sa mihaya.

Malaman jihadi ba su raba addu'a da magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce a kan likitancin Annabi. Masu ɗariƙa kuma sun riƙe Alburda ta Busiri, mutumin Masar da ake ba da labarin cewa shanyewar jiki ce ta kwantar da shi lokacin da ya tsara ta.

Kafa Izala a Jos a 1978, ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, ya kawo sauyi babba. Aka yi ta wa'azi a kan laya da dogaro da malaman tsibbu, aka ce kowa ya buɗe baki ya roƙi Ubangijinsa. Daga baya Hisnul Muslim na Sa'idu Alƙahɗani, malamin Saudiyya da ya rasu a 2018, ya cika ƙofofin masallatai da tashoshin mota. Ƙaramin littafi ne, yana da babin addu'ar damuwa da baƙin ciki, da na abin da ake faɗa wajen dubiya. Ribarsa a fili take: wanda ya farka cikin dare a gadon asibiti ba sai ya jira aike ya dawo ba.

Sai dai rubutu yana tafe da mutane. Akwai mai kaiwa, akwai mai kawowa, malam ma yakan leƙo ya yi tofi ya ce sannu, kuma rabin kaɗaicin majinyaci a nan yake tafiya. Littafi da karatun ruƙiyya a waya ba sa gaisuwa. Wannan giɓin ne 'yan agaji ke ƙoƙarin cikewa a asibitocin Arewa, na Izala da na ɗariƙa duka, suna bi gado-gado da addu'a da jaje.